Dirof D, C ko B: Me Ya Kamata Ka Saya, Me Ya Kamata Ka Bari?

Tambayar da ta fi zuwa bakin mai koyon jita da zarar ya ɗanɗana saitin ƙasa, wato sassauta tsirkiyoyi don murya ta ƙara zurfi, ita ce, "Wace jita zan saya?" Ni kuma abin da nake fara tambayarsa shi ne, har ina kake son sauka? Don amsar wannan ce za ta nuna ko tsirkiya ɗaya tak za ka saya, ko kwali guda, ko kuwa da gaske sai wata jitar. Mutane da yawa sun zuba kuɗi a kan sabuwar jita alhali matsalarsu ba ta wuce kaurin tsirkiya da ɗan gyaran jaki ba, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar.

Saitin da kowa ya fara da shi, daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya, shi ne E A D G B E. In ka sassauta ta shida kaɗai, wato mai kaurin, ka sauke ta mataki guda daga E zuwa D, ka sami D A D G B E. Shi ake kira Dirof D. Abin da ya sa ake sonsa a fili yake: tsirkiyoyi uku na ƙasa sun zama D, A, D, don haka yatsa ɗaya in ka kwantar da shi a kansu ya ba ka kod mai nauyi, wato muryoyi da yawa a haɗe, wanda a da sai da yatsu biyu ko uku. Hannu ya sami sauƙin gudu, murya kuma ta ƙara zurfi. Sauran saitin duk 'ya'yan wannan ne. In ka sauke dukkan shidan mataki guda daga nan, ka shiga Dirof C, wato C G C F A D. Ƙara rabin mataki, Dirof B ke nan. A can ƙasa akwai Dirof A. Siffar yatsu ba ta canjawa, zurfin ne kawai ke ƙaruwa, tare da ɗawainiyar da ke biye da shi.

Ɗawainiyar kuwa lissafi ce. Tsirkiya ta shida a E tana kaɗawa sau 82 da ɗoriya a daƙiƙa. A D ta koma 73, a C 65, a B kusan 62, a A kuma 55 cif. Amma ƙarfin jan tsirkiya ba ya sauka kafaɗa da kafaɗa da muryarta, ya fi ta saurin faɗuwa. Mataki guda ƙasa yana cinye kusan kashi 21 cikin ɗari na jan. Daga E zuwa C kashi 37 ya tafi. Zuwa B kashi 44, zuwa A kuwa fiye da rabi. Tsirkiya mai lamba 46, wadda ke ja da nauyin kilo 8 ko kusa da haka a E, in ta isa C ba ta fi kilo 5 ba. Shi ya sa take zama kamar igiyar shanya. Ka duba allurar na'urar saiti lokacin da ka kaɗa irin wannan tsirkiya da ƙarfi: za ka ga ta yi tsalle ta wuce tsakiya, ta ɗan yi rawa, sannan a hankali ta dawo. Kunnen mai sauraro wancan tsallen na farko yake ji. Kai kana rantsuwa jitarka a saice take, shi yana jin ta karkace, kuma dukanku kuna da gaskiya.

Tsirkiya: abin da ya fi araha, kuma ya fi tasiri

Lambar da ke jikin kwali kauri take nunawa, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. In an rubuta 10-46, siririyar 10 ce, mai kaurin 46, wato milimita ɗaya da ɗan kai. Akwai wata 'yar dabara da nake amfani da ita in ina son jan ya tsaya yadda hannuna ya saba: kowane rabin mataki da ka sauka, ƙara kusan kashi 6 cikin ɗari a kan kauri. Wanda ya saba da 46 a E, 52 zai nema a D, 58 a C, 61 ko 62 a B, 68 zuwa 70 a A. Ba wahayi ba ne, don yadda aka naɗe tsirkiya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma zai kai ka bakin ƙofar.

In Dirof D ne kawai, kuma kana yawan komawa E, gaskiya 10-46 ɗinka za ta iya ɗauka. Za ka ji ta ɗan yi laushi, shi ke nan. Wanda hannunsa ke da nauyi ya nemi 10-52, irin Skinny Top Heavy Bottom ta Ernie Ball ko EXL140 ta D'Addario. Sai dai a kula, waɗannan ba ta shida kaɗai suka ƙara wa kauri ba, har ta biyar da ta huɗu, waɗanda ba ka sauke su ba. Sakamakon haka A da D suna tauri, ta shidan kuma daidai. Wasu suna son haka. Ni na fi son in sayi 10-46 in haɗa da 52 guda ɗaya daban, in ajiye 46 ɗin. Ana sayar da tsirkiya ɗai-ɗai, mutane ne ba su cika tambaya ba.

Dirof C shi ne inda canjin kwali ya zama dole a wurin mafi yawan mutane, tunda yanzu dukkan shidan sun sauka. 11-54 ta Beefy Slinky ko 11-56 ta EXL117 su ne mafarin hanya. A Dirof B sai 12-60 ta EXL148 ko 12-62 ta Mammoth Slinky. Ga wani wuri da ake yawan mantawa: tsirkiya ta uku. Ita ce ke kan iyaka tsakanin marasa naɗi da masu naɗi, kuma in marar naɗi ta yi kauri da yawa, kamar 24 ɗin da ke cikin kwalin Not Even Slinky mai 12-56, sai ta zama kamar sandar ƙarfe, muryarta ta riƙa fita da wani ƙarau-ƙarau da ba ya jituwa da 'yan uwanta. Akwai masu jin daɗinta a haka. In kai ba ka cikinsu, nemi ta uku mai naɗi. Kod zai fi zama lafiya, amma lanƙwasa ta don jan murya zai ci maka yatsa. In solo ne rabin kiɗanka, wato inda jita ke rera murya ɗai-ɗai, zauna a kan marar naɗi da ba ta wuce 20 ba.

Kada kuma a ɗauka kauri farilla ne. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham yana ɗan shekara 17, kuma da tsirkiyoyi sirara ya sauke jitarsa har C# a 1971, don yatsun su sami sauƙi. Wannan laushin da yawon muryar suna cikin abin da ya sa kiɗansa ke da ban tsoro. Sai dai shi hannunsa a hankali yake taɓawa. In kai irin masu sarar tsirkiya ne kamar suna faskare, sirara ba za ta yi maka ba.

Da ka wuce 52 zuwa 54, shirya wa aikin gyara. A ƙarshen wuya, daf da kai, akwai ɗan matashin nan na ƙashi ko roba mai tsagi shida. Tsagin an yanka shi daidai da tsirkiyar da jitar ta zo da ita. Ka ɗora 60 a tsagin 46, sai ta hau sama ta zauna a baki, firet na farko, wato na farko cikin ƙarafan da ke gicciye a wuya, ya yi nisa, ko kuma ta cusa kanta ciki ta maƙale, ka riƙa jin "ƙis" duk lokacin da ka murɗa kunnen da ke ɗaure tsirkiya. In ba a yi sa'a ba gefen matashin ya tsage, tunda tsagi na shida shi ne a baki. Faɗaɗa shi aikin minti kaɗan ne ga mai gyaran jita da ke da zarton aikin, amma hanya ce da ba a komowa: in ka sake son 46, tsagin ya yi mata yawa sai an sauya matashi. Haka kuma ramin kunnen da tsirkiya ke shiga, wani ba ya karɓar mai kauri sosai. A duba kafin a yanke kwali. Sannan sandar ƙarfen da ke cikin wuya tana bukatar a ɗan murɗa ta, tunda jan da aka daidaita ta a kansa ya canja.

Jaki: a nan gizo ke saƙa

In da abu ɗaya za a ce in duba a jikin jita kafin in saya don saitin ƙasa, jaki zan duba, ba itace ba, ba fenti ba, ba sunan da ke kai ba.

Na taɓa ara wata jita mai jaki mai lilo, irin wanda ba ya zaune a kan itace sai dai ya tsaya a tsakani, tsirkiyoyi na jansa gaba, sifirin na jansa baya. Na kwance makullin da ke matse tsirkiyoyi a wurin matashi, na sauke ta shida zuwa D, na kaɗa kod. Abin da ya fito ba ya jiyuwa. Na duba ta biyar, ta hau. Ta huɗu ma ta hau. Na sauke su, sai ta shidan ta bar D. Na gyara ta, sauran suka sake motsi. Da na leƙa ta gefe sai na ga gindin jakin ya nutse cikin raminsa, tsirkiyoyin sun kwanta a kan firet suna zizzz. Na kwashe wajen awa guda ina zagaye ɗaya, daga ƙarshe na mayar da ita E na mayar wa mai ita, ban ce masa komai ba. Laifin ba na jitar ba ne. Tsirkiyoyi shida na 10-46 suna ja da kimanin kilo 45, an kuma ɗaure sifirin ɗin baya daidai da wannan. Ka rage ko da kilo ɗaya da rabi, sifirin sun yi rinjaye, su ja jaki baya, sauran biyar su ɗaure.

Don haka ga yadda zaɓin yake. Jaki kafaffe, irin Tune-o-matic na Gibson ko farantin Telecaster, shi ne abokin mai yawan sauya saiti. Murɗa kunne ɗaya, daƙiƙa biyar, an gama. Aibin Tune-o-matic ɗaya ne: sirdin da kowace tsirkiya ke hawa ba shi da filin ja da baya sosai. Tsirkiya mai kauri tana bukatar a ja sirdinta baya kafin muryar firet na 12 ta yi daidai, kuma a Dirof B sau da yawa za ka ja har ƙurya ba ta isa ba. Masu gyara kan juya sirdin ya kalli baya don a sami ɗan ƙari. Jakin faranti mai sirdi shida ya fi shi fili.

Floyd Rose, jaki mai lilo wanda aka yi wa rajistar mallaka a 1979, yana riƙe saiti fiye da kusan kowane jaki mai liba, wato sandar da ake dannawa don karkata murya, amma saiti ɗaya. In ka san Dirof C za ka zauna shekara, a saita maka shi a can, ba abin da zai dame ka. In kuwa tsakanin waƙa da waƙa kake son sauyawa, ko dai ka bar shi, ko ka hana shi lilo. Ana cusa ɗan katako a ramin baya don ya tokare shi, ko a sa ƙarfen Tremol-No da ke kulle shi da buɗe shi. Eric Clapton ma katako yake tokare jakin Stratocaster ɗinsa da shi. Bayan an tokare ne D-Tuna ta Eddie Van Halen ke da amfani: ɗan bututu ne da ake sa wa a sirdi na shida, ka ja shi waje ka sami D, ka tura ciki ka koma E. Mutane kan saye ta su ɗora a jaki mai cikakken lilo, sannan su ce ba ta aiki. Tana aiki, sharaɗinta ne ba a cika ba: dole jakin ya zama ba ya iya komawa baya. In kuma jakinka a nutse yake cikin rami, auna ko bututun zai sami wurin fita.

Mai jaki kafaffe da ke son irin wannan saurin yana da Xtender ta Hipshot, wadda ke maye gurbin kunne na shida da wani mai 'yar liba. Yatsa ɗaya, ka sauka. Tana bukatar matashi mai santsi, in ba haka ba ba za ta riƙa dawowa daidai ba. Ga mai hawa dandamali tana da rana. Ga mai kiɗa a ɗaki, ban ga abin da ta fi kunnenka ba: taɓa ta shida a saman firet na 12 ka saki ta yi ƙara, ka daidaita ta da ta huɗu a sake, ka ɗan wuce ƙasa sannan ka hauro. Kwana uku ka saba.

Akwai kuma EverTune, jakin da kowace tsirkiya ke da nata sifirin da ke riƙe ja ɗaya ko yaya ka sare ta. Wancan tsallen allura da na ambata, shi ne maganinsa, shi ya sa masu ɗaukar sauti a situdiyo ke ƙaunarsa. Amma da ɗan makulli ake sauya masa saiti a wurin sirdi, ba da kunne ba, kuma sai an fafe jikin jita kafin ya shiga. Na mai zama wuri ɗaya ne shi ma.

Tsawon tsirkiya, da lokacin da sabuwar jita ta halatta

Tazarar da ke tsakanin matashi da jaki ba ɗaya ba ce a kowace jita. Stratocaster da Telecaster inci 25.5 ne, yawancin PRS 25, Les Paul da SG 24.75, Jaguar da Mustang 24. Tsirkiya ɗaya a murya ɗaya, a kan Les Paul ta fi laushi da kusan kashi 6 cikin ɗari idan aka gwada da Stratocaster. A Dirof D wannan ba abin tada hankali ba ne. Adam Jones na ƙungiyar Tool ya shafe shekaru a Dirof D da Les Paul, Tom Morello kuma da Telecaster, kowa da kiwon da ya karɓe shi. A Dirof C ma gajeriyar tana yi in an ƙara kauri. Daga B zuwa ƙasa ne bambancin ke fitowa fili, don ƙara kauri yana da iyaka. Tsirkiya gajeriya mai kaurin gaske ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata, ƙananan muryoyin da ke cikinta sai su karkace, sautin ya dushe ya zama dum-dum ba kaifi. An gudu ba a tsira ba ke nan: ka magance laushi, ka sayo dushewa.

A nan ne baritan ke shigowa, jita mai tsawon inci 27 zuwa 30, wadda Danelectro ya fara yaɗawa a ƙarshen shekarun 1950. Inci 27 yana ƙara kusan kashi 12 cikin ɗari na ja a kan 25.5, don haka tsirkiyar da ba ta kai kauri ba za ta tsaya da ƙafarta, muryar kuma ta fito tas. Yawanci a B E A D F# B ake saita ta, in ka sauke ta shida ka faɗa Dirof A kai tsaye. Abin da za ka biya shi ne miƙa yatsu, don firet na farko-farko sun fi nisa da juna, kuma siririyar E ta sama ta tafi. Mai ƙananan hannu ya riƙe ta minti goma kafin ya yanke shawara. Inci 27 kusan kowa na sabawa da shi. Daga 28 zuwa sama, wani kayan kiɗa ne daban.

Kishiyarta ita ce mai tsirkiya bakwai. Ibanez ya fito da Universe ta Steve Vai a 1990, ƙungiyar Korn kuma ta mayar da ita abin yayi daga 1994. Saitinta B E A D G B E, wato jitar da ka sani ce aka ƙara mata B a ƙasa. Sauke B ɗin zuwa A, ka sami Dirof A, shidan sama kuma suna nan yadda ka san su, ba kod ɗin da ya ɓace maka. Wannan babbar riba ce ga wanda ke haɗa kiɗa mai nauyi da solo. Amma wuyanta ya fi faɗi, kusan milimita 48 a wurin matashi maimakon 42 ko 43, sannan ga ƙarin tsirkiya da dole tafin hannu ya riƙa toshe ta kada ta yi gunaguni. Kuma da yawansu tsawonsu 25.5 ne, ma'ana matsalar laushi tana nan. In bakwai za ka saya don Dirof A, nemi 26.5 ko 27. Akwai masu firet a karkace kamar buɗaɗɗen mafici, tsarin da Ralph Novak ya yi wa rajista a 1989, inda ɓangaren kauri ya fi tsawo, ɓangaren sirara ya fi gajarta. A ido abin tsoro ne, a hannu kuwa ba ya ɗaukar lokaci. Sai dai in wani abu ya lalace, jakinsu da maganaɗisun ɗaukar sautinsu ba kowanne ke shiga ba.

A ganina, wanda bai wuce Dirof C ba ba shi da hujjar sayen ɗaya daga cikin waɗannan. In kuɗin na ƙaiƙayi, jita ta biyu mai jaki kafaffe da tsawon 25.5, ko da ta hannu ce, a saita ta a C a bar ta a can, ta fi amfani. Jita ɗaya da ake wahalar da ita tsakanin E da C kullum ba ta daɗi a ko ɗaya.

Feda mai sauke murya

DigiTech Drop da ire-irenta suna karɓar sautin jitar lantarki su sauke shi, daga rabin mataki ɗaya har bakwai, ko zango guda cif, wato rabin mataki goma sha biyu. Kuskuren da ake yi shi ne zaton za ta ba ka Dirof D daga saitin E. Ba za ta ba ka ba, don dukkan tsirkiyoyin take saukewa tare. Abin da za ka yi shi ne ka sa jitar a Dirof D da hannunka, sannan feda ta kai ka sauran: biyu ƙasa Dirof C, uku Dirof B, biyar Dirof A. Ga mai kaɗa waƙoƙin mutane daban-daban a dare ɗaya, ko mai Floyd Rose da ba ya son a taɓa masa, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Zuwa rabin mataki biyu ko uku, cikin hayaniyar ganga da bes, jitar nan mai zurfin murya, da wuya wani ya gane. Daga nan kaifin sauti ya fara raguwa, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin taɓawa da fitowa wanda hannu ke ji ko da kunne bai kama ba. A ɗaki kuma, in amfilifaya ba ta da ƙarfi, za ka riƙa jin muryar tsirkiyar ta ainihi tana karo da wadda aka sauke, sai ka toshe kunne da abin sauraro. Jitar Variax ta Line 6 tana iya sauke kowace tsirkiya daban, tunda kowacce da nata abin ɗaukar sauti, amma wannan sayen jita ne sukutum.

Jitar katako

A nan maganar gajeriya ce. Dirof D tsohon abu ne a jitar gargajiya ta Turai mai tsirkiyar nailan, takardun kiɗa da yawa suna buɗewa da umarnin a sauke ta shida zuwa D, kuma ba a sauya komai. A mai tsirkiyar ƙarfe, 12-53 na ɗauka. In kana son ƙasan ya cika, 12-56 irin EJ19 ta D'Addario ta isa. Mai zama a DADGAD, saitin da Davey Graham ya yaɗa a farkon shekarun 1960, zai ji daɗin EJ24, wadda aka ƙara wa tsirkiyoyin da ake saukewa kauri aka bar na tsakiya. Gargaɗi ɗaya: fuskar jitar katako siririn allo ce da jaki manne a kanta. In ka ɗora masu kauri don saitin ƙasa, kada ka manta ka ɗaure su har E ka jingine ta wata da watanni.

Akwai kafo, wato matsi da ake maƙalawa a wuyan jita, mai kama tsirkiya biyar ya bar ta shida, Kyser na yin irinsa. In ka sa shi a firet na 2, kod ɗin D zai fito da gindi mai zurfi kamar na Dirof D, a muryar E. Amma da ka danna ta shidan, tana nan a saitinta na da, don haka kod ɗin yatsa ɗaya babu shi. Na mai raka waƙa ne, ba na mai kiɗa mai nauyi ba.

Maganaɗisu da amfilifaya, a ƙarshen layi

Da sauti ya yi laka, abin da ake fara zargi shi ne maganaɗisun ɗaukar sauti, a ruga a sayo EMG 81 ko Fishman Fluence. Suna da kyau, suna da kaifi, amma su ne abu na ƙarshe da zan taɓa. Fara da sauke wanda kake da shi ta ɓangaren tsirkiya mai kauri, juyi ɗaya ko biyu na sukurun gefe, tunda ƙarfe mai kauri ya fi motsa maganaɗisu. Rage bes a amfilifaya, rage ƙazantar sauti, wato gurnanin da ake ƙara masa da gangan, fiye da yadda ranka ke so. Lasifikar jita mai inci 12 ba a yi ta don kaɗawa 65 ko 55 ba, yawancin nauyin da kake ji daga muryoyin tsakiya yake fitowa. Shi ya sa masu kiɗan ƙasa ke sa Tube Screamer ta Ibanez a gaban amfilifaya, su kashe ƙazantarta kusan duka su ɗaga ƙararta: tana yanke ƙasan kafin ya shiga ya cakuɗe. Na'urar saiti kuma ta zama mai gane kowace murya, ba mai sanin E A D G B E kaɗai ba, kuma a tsirkiya ta shida ka saita da irin ƙarfin da kake kaɗawa a waƙa, kana bin inda allura ta fara kaiwa, ba inda ta kwanta daga baya ba.

In kuma a ƙungiya kake, yi magana da mai bes kafin ka sayi komai. Bes mai tsirkiya huɗu a E take tsayawa, kaɗawa 41 a daƙiƙa. Dirof D zai bi ka da murɗa kunne ɗaya. Ranar da ka ce C ko B, shi ma sai ya nemi tsirkiyoyi masu kauri a faɗaɗa masa matashi, ko ya koma mai biyar da ke sauka har B. Sannan mai waƙa, wanda duk wannan saukar a maƙogwaronsa za ta ƙare: a gwada waƙa biyu da shi a C da jitar aro ko feda, a ji ko muryarsa ta zauna, kafin zarto ya taɓa matashin kowa.